Ranar da Auta Bai Shiga Jarrabawa Ba

Ba wanda bai sani ba a gidan burodin cewa ranar ce ɗan Umma yake rubuta jarrabawar shiga jami'a, don ta daɗe tana cika musu kunne da maganar. Ita ce mai zuba burodi a leda. Tana tsayawa a ƙarshen dogon tebur, inda hucin tanda ke dukan bayanta tun safe har a tashi. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. 'Yarta babba tana aure a wani gari. Saboda haka ita da Auta ne kawai a gida.

Auta yaro ne mai kai, malamansa ma sun shaida. Abin da ya shiga tsakaninsa da littafi shi ne gem, wasan nan na waya da kwamfuta. Da tsohuwar wayar babansa ya fara, daga nan ya koma shagon gem na bayan layinsu, inda ake biya a zauna gaban babban allo. Umma ta yi faɗa har ta gaji. Ta taɓa ɓoye masa waya a cikin buhun shinkafa, ya tono ta kafin ta dawo aiki. Takan ce masa, “Da gem ake rubutawa a jarrabawar nan, da kai za su ba shugabancin jami'ar gaba ɗaya.” Sai ya yi dariya ya ce, “Ki kwantar da hankalinki, Umma, na iya komai.”

Da safen da kanta ta raka shi har ƙofar wurin jarrabawar. Ta ga ya shiga layi, ta yi masa addu'a, sannan ta wuce aiki.

Rana ta take, wayarta ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. 'Yar maƙwabciyarta ce, yarinyar da ake kira Likita saboda tun tana ƙarama take cewa aikin da za ta yi ke nan. Tare suke rubuta jarrabawar da Auta.

“Umma, ina wuni. Auta ba shi da lafiya ne?”

“Wane irin ba shi da lafiya? Ba tare kuke ba?”

“Kujerarsa tana gaban tawa. Har aka gama ba kowa a kanta. An yi ta kiran sunansa.”

Ledar da ke hannun Umma ta suɓuce, burodin ya gangara ƙarƙashin tebur. Ta kira lambar Auta, aka ce a kashe take. Ta sake kira, ta sake kira. Abin da ya fara zuwa ranta mota ce. Ta ga ɗanta kwance a bakin titi mutane sun kewaye shi. Sai kuma ta tuna ai da idonta ta ga ya shiga layi, kuma ba titi tsakanin layin da ƙofar ɗakin. To ina ya bi?

Shugabar ma'aikata ta dubi fuskarta sau ɗaya ta ce, “Je ki, za mu riƙe miki.”

Ta kira ƙanenta, direban tasi, wanda kowa a dangi ke kira Kawu. Ya sauke fasinjansa a kan hanya ya zo ya ɗauke ta. Suna isa gida ta nufi ɗakin Auta. Littattafansa suna zube a kan gado, jakar da suke ciki kuma babu ita. Ta buɗe durowa. Ba wandunansa masu kyau, ba rigar sanyinsa, ba burushin haƙori a taga.

“Yaya, yaron nan shiri ya yi,” in ji Kawu a hankali. “Dawowa ya yi bayan kin tafi.”

Ta so ta ji sauƙi tunda ba haɗari ba ne, amma sai tsoronta ya ƙaru.

Shagon gem ɗin ɗaki ne dogo mai duhu, cike da ƙarar bindigogi da ihun samari. Umma ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba sai ranar. Mai shagon, wani siriri mai gilashi, yana ganinta ya miƙe, kamar dama yana jiran zuwanta.

“Mama, wallahi ba ruwana. Na gaya masa, na sake gaya masa.”

“Ka gaya masa me? Ina ɗana?”

Ya ja su waje inda ƙara ta yi sauƙi. Ya ce akwai wani mutum da ake kira Koci, wato mai horarwa. Yana shiga cikin gem ɗin ta intanet, yana lura da yaran da suka fi iyawa, sai ya riƙa yi musu magana a ɓoye. Yana ce musu yana da ƙungiya, zai fitar da su gasa ƙasar waje, su zama manya ba sai sun yi wahalar jami'a ba. Auta kuwa duk shagon ba mai kama ƙafarsa.

“Bara ma ya ja wasu yara daga nan,” in ji mai shagon yana kallon ƙasa. “Iyayensu sun yi ta zarya. Ni dai ban sake ganinsu ba, ko a cikin gem ɗin. Shi ya sa na hana shi shigo mini.”

“Kuma ka yi shiru?” Kawu ya daka masa tsawa.

“Tsoro nake ji, yallaɓai. Ba shi kaɗai yake yawo ba.”

Ya kwatanta musu gidan: bayan tsohuwar masaƙa, layin ƙarshe, mai koren get. Ya ƙara da cewa ya ji yara suna faɗin yau da yamma mota za ta zo ta kwashe su.

Suna hanya wayar Umma ta sake ƙara. Ta zabura, ta ɗauka Auta ne. Mijinta ne, ana jin gurnanin injin a bayansa.

“Maman Auta, yaya ɗan jami'armu? Ya fito?”

Mutumin yana kan sitiyari, da kaya niƙi-niƙi a bayansa, a wata hanya mai nisa. Idan ta faɗa masa, Allah kaɗai ya san yadda zai yi tuƙin.

“Bai dawo gida ba tukuna,” ta ce.

“To, ki ce ya kira ni. Ina ji a jikina ya yi abin kirki.”

Ta ajiye wayar a cinya. Kawu ya ce su fara biyawa ofishin 'yan sanda. Ta dubi rana, ta ga ta fara karkata.

“Kafin mu gama bayani an tafi da shi. Mu je kawai.”

Layin ba kowa sai wani mai gyaran taya a bakinsa. Gidan bene ne mai hawa ɗaya, katangarsa doguwa da waya mai ƙaya a sama. Umma ta lura an shafe gilasan tagogin da baƙin fenti. Kawu ya buga get ɗin da mukullin mota har ya gaji, sannan aka buɗe ƙaramar ƙofa.

Ta yi zaton za ta ga wani mummuna mai jajayen ido. Sai ga mutum fes-fes cikin farar riga, yana ƙamshin turare, yana murmushi kamar ya ga 'yar'uwarsa.

“Mama! Ke ce mahaifiyar gwaninmu, ko? Ga kamar nan. Ni ne Koci. Bismillah, shigo ki gan shi.” Da Kawu ya matso sai ya ɗaga hannu. “Mutum ɗaya, don Allah. Yara suna tsakiyar atisaye.”

Kawu ya riƙe mata hannu. “Yaya, kada ki shiga.”

Ta zare hannunta. Ta tsallaka ciki.

Suka bi wani siririn lungu, suka hau matakala. A saman akwai ƙofar ƙarfe, da wani ƙato zaune a kujera kusa da ita yana yanke farce. Bai ko ɗago ba. Umma ta ga sakata da kwaɗo a jikin ƙofar ta waje. Da aka buɗe ta shiga, ta waiga ta duba ta ciki. Ko mariƙi babu.

Sanyin na'ura ya buge ta, haɗe da warin safa da na taliyar da ta kwana. Ba fitila, sai hasken alluna. Samari ne jere a dogayen tebura, kowa da abin sauraro a kunne, ba mai magana da wani. A jikin bango an jingine katifu marasa zani. Wasu yaran duk sun rame, idanunsu sun zurma, gashinsu ya yi buzu-buzu. Ta fahimci waɗannan ba yau suka zo ba.

Ta gane ƙeyar Auta tun daga nesa. Rigar da ta goge masa da safe ce a jikinsa. Ta je ta tsaya a bayansa. Yatsunsa suna gudu a kan maɓallai har ido ba ya iya binsu. Ta dafa kafaɗarsa. Ya juyo, ya gan ta, fuskarsa ta sauya nan take.

“Umma, me ya kawo ki nan?” Muryarsa can ƙasa. “Ki tafi. Don Allah ki tafi.”

“Tashi mu je gida.”

Bai tashi ba. Ya saci kallon Koci, ya mayar da ido kan allo.

“Kin gani, Mama?” in ji Koci cikin taushin murya. “Ba wanda ya ɗaure shi. Da ƙafarsa ya zo, kuma ba yaro ba ne. Masu digiri nawa kika sani suna zaune a gida suna jiran abincin uwa? Ɗanki yana da baiwa. Ki bari ya yi abin da ya iya.”

Umma ta san masu digirin da yake nufi, har a danginta akwai su.

“Ina wayarsa?” ta tambaya.

“Muna ajiye musu. Waya tana raba hankali.”

“Ina za ku kai su da yamma?”

“Babban sansaninmu.”

“A wane gari?”

Ya faɗaɗa murmushinsa. “Za mu sanar da ke idan sun isa.”

A lokacin ta ji an turo ƙofar ƙarfen a bayanta, ta ji ƙarar sakata. Ƙaton ya shigo ciki, wani kuma ya rufe ta waje. Ta tuna ba wanda ya san tana nan sai Kawu, shi ma yana bayan katanga. Ta zame ta zauna a ƙasa kusa da kujerar Auta. Ba dabara ta yi ba, tsayuwar ce ta gagare ta. Da ta ji ta a ƙasa sai ta kama ƙafar wandonsa ta riƙe da hannu biyu.

“Ba inda za ni,” ta ce. “In motar ta zo, sai dai ku sa ni a ciki.”

“Mama, kina ɓata mana aiki.”

“Ku sa ni a ciki.”

Koci ya yi wa ƙaton alama da kai. Ya tako a hankali, ya sunkuya, ya damƙi damtsenta. Yatsunsa suka nutse a namanta, ta ji zafin har ƙwaƙwalwa. Ya fizge ta sama kamar buhun da ba komai a ciki. Ta yi ƙara.

Kujerar Auta ta kife. Ya tsaya tsakaninsu, abin sauraron yana lilo a wuyansa. Ko kafaɗar ƙaton bai kai ba.

“Sake ta! Uwata ce! Sake ta na ce!”

Muryarsa ta fashe kamar ta ƙaramin yaro. Samarin suka fara cire abin kunnensu ɗaya bayan ɗaya, suna juyowa. Sai ɗakin ya yi tsit, kuma cikin shirun aka jiyo hon daga waje. Ba na mota ɗaya ba. Kawu ya fita ya gicciye tasinsa a tsakiyar babban titi ya tare hanya, ya kwanta a kan hon, yana ihu an kulle masa 'yar'uwa a gidan koren get. Motoci suka taru a bayansa, kowa yana danna nasa. Ana jin hayaniyar mutane tana matsowa, sannan aka fara dukan get ɗin da wani abu mai nauyi.

Koci ya je ya kankare ɗan fenti a taga da farce, ya leƙa. Da ya juyo murmushin ya tafi, kuma fuskar da ta rage ta fi ta ƙaton ban tsoro.

“Buɗe musu,” ya ce. Ya matso daf da Umma har tana jin turarensa a maƙogwaro. “Ɗauki ɗanki. Amma wayarsa da katin shaidarsa suna wurina, kuma na san layinku, na san inda kike aiki. Ki iya bakinki.”

A bakin ƙofa ta tsaya, ta juya ga sauran yaran.

“Wanda zai fita ya taso. Ga hanya a buɗe.”

Wani mai jar riga ya ɗan ɗaga daga kujerarsa. Ƙaton ya kalle shi. Ya koma ya zauna, ya mayar da abin kunnensa. Auta ya ja hannunta, suka sauka matakalar suna tuntuɓe.

Ba ta iya bakin nata ba. Daga nan ofishin 'yan sanda suka wuce, ta nuna shatin yatsu a damtsenta, Auta ya faɗi abin da ya sani. Aka ce sai an samo izinin shiga gidan. Da aka samu aka je, get a buɗe yake. Ba alluna, ba yara, sai katifu da wayoyin lantarki a warwatse a ƙasa.

Suka kwashe 'yan kayansu suka koma gidan Kawu na wani lokaci. Umma ta daina bin hanya ɗaya zuwa aiki. In mota ta rage gudu kusa da ita sai ta faɗa shagon da ya fi kusa. In baƙo mai farar riga ya shigo sayen burodi, sai ta tsinci kanta a bayan tanda ba ta san lokacin da ta je ba.

Kwanaki ba ta tambayi Auta komai ba, shi ma bai ce ba. Wata safiya tana wanke kwanuka ya zo ya tsaya kusa da ita ya ɗauki tsumma yana gogewa.

“Umma, na shiga layin da niyyar rubutawa,” ya ce. “Wallahi da niyya na shiga.”

Ta ci gaba da wanki.

“Na daɗe ba na gane komai. In na buɗe littafi sai in ga kamar ba da ni ake ba. Duk gwajin da aka yi mana a makaranta faɗuwa nake yi, ina ɓoye miki. Da na kusa ƙofar sai na ji numfashina yana tsayawa. Na tuna yadda kike gaya wa kowa, na tuna Baba. Shi kuma Koci ya ce mini in na canza shawara ƙofarsa a buɗe take har yamma.” Ya juya kwanon a hannunsa. “A gem in na faɗi sai in sake farawa. Ba wanda yake kuka saboda ni.”

Ta so ta ce masa ai da ya faɗa mata. Sai ta tambayi kanta ko da ya faɗa za ta saurara. Ta miƙa masa wani kwanon.

Da baban ya dawo daga tafiya, a tsakar gidan Kawu aka zaunar da shi aka ba shi labari. Umma ta tsaya kusa da Auta don ta tare idan ya tashi duka. Bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon tabon da ya rage a hannun matarsa, sannan ya ce wa ɗansa, “Dube shi da kyau.” Auta ya duba, ya fashe da kuka. Baban ya fita waje ya zauna a cikin motar Kawu, ya rufe gilashi, ya jima bai fito ba.

Likita ta samu jami'a ta tafi. Kafin ta tafi ta kawo wa Auta littattafanta. Aka sa shi a ajin share fage, inda malami ke koyar da yara kaɗan a hankali. Gem bai rabu da shi ba. Yakan buga ranar hutu a falo, ba tare da intanet ba, shi da Kawu, wanda ake lallasawa kullum yana rantsuwa cewa hannun gem ɗinsa ne ya lalace. Wani lokaci Umma takan ji Auta yana dariya ta ji daɗi, wani lokaci kuma ƙarar maɓallan kaɗai ta isa ta sa ta bar ɗakin.

Da shekara ta zagayo ya rubuta jarrabawar. Makinsa bai kai na jami'a ba. Ya kai na wata kwalejin fasaha a wani gari, inda aka ba shi fannin lantarki. Baban ya ce ya tafi, in ya gama ya ga dama ya sake neman jami'ar. Auta ya ce bai sani ba ko zai nema. Ba wanda ya matsa masa.

Koci kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, haka ma yaran da aka tafi da su. Umma takan je ofishin 'yan sanda lokaci-lokaci ta tambaya, a ce mata ana kan bincike.

Ranar tafiyar, ita da Kawu suka kai shi tasha. Ana ɗora jakarsa a saman mota ya matso kusa da ita, ya rage murya don kada Kawu ya ji.

“Umma, har yanzu tsoro nake ji. In na je can ma na kasa fa?”

“In ka kasa ka kira ni ka ce ka kasa. Ni ka fara kira, ba wani ba. Ka ji ko?”

“Na ji.”

“Ni ma tsoron nake ji,” ta ce, tana gyara masa wuyan riga. “Shiga, kada su cinye maka wurin taga.”

Motar ta tashi. Kawu ya ce su tafi, yana da fasinja. Ta ce ya dakata tukuna. Ta kira direban motar a lambar da ta karɓa a wurinsa tun da farko, don ta tabbatar lambar tana shiga. Da ya ɗauka ta ce masa yaron da ke kujerar taga ɗanta ne, don Allah kada ya sauke shi ko'ina sai ƙofar kwalejin.